Mai Kora da Jan Sa

A Libiya na fara jin labarin hukuncin Rumawa, zamanin da nake tuƙin babbar mota a can. Akwai kufan wani birninsu a bakin teku, ginshiƙan dutse tsaye babu rufi. Tsohon Balaraben da ke gadin wurin yakan ba ni shayi ya yi ta zuba. Ya ce wanda ya kashe ubansa, ɗinke shi suke yi cikin buhun fata tare da kare da zakara da maciji da biri, su jefa a ruwa. Bawa kuwa gicciye shi ake yi a bakin hanya, a bar wa tsuntsaye. Ban ga abin yabo ba. Sai ya nuna mini wani sassaƙe a jikin dutse, sanduna ɗaure tamau da gatari a tsakiya. Dogarawan mai hukunci ke ɗauke da su, in ji shi, kuma ba a dukan kowa sai an tsaya an kwance ƙullin, ko zuciya za ta sauka kafin nan.

A karar shanu ta Potiskum kowa da sandarsa a hannu, babu ƙullin da za a tsaya kwancewa.

Bayan na ajiye tuƙi, ranar kasuwa nakan zauna a rumfar wani abokina dillali. Wata rana da hantsi muka ji ihu daga wajen da ake lodin tireloli.

"Ɓarawo! Ɓarawon sa!"

Kafin mu isa mutum yana ƙasa. Magidanci ne, mai kora, irin waɗanda ke kai dabba daga turke zuwa mota. Igiyar wani jan sa tana naɗe a hannunsa, san ya firgita yana jan shi cikin kashin shanu, mutane na bi suna jibga. Na ji ƙarar da ƙashin hannunsa ya yi lokacin da gora ta sauka a kai. Wani ya ɗauko dutse ya maka masa a fuska, jini ya rufe masa ido.

Mai san wani ƙaton falke ne da ke kai shanu Kudu. Yana ta nuna gadon bayan dabbar yana cewa, "Ga shaidata nan, koren fenti layi biyu! Ina kallo zai fice da shi!"

"Wai shi gwani, da rana tsaka!" in ji wani.

"Ku kawo taya!"

Na iya Larabci da Faransanci da Barbarci da Fillanci, amma ranar babu wanda ya yi mini amfani. Na ce su ji tsoron Allah. Wani ɗan lodi ya ce, "Baba, koma rumfa kada a taka maka hula." Sanda ta same ni a kafaɗa, har yau ban san ta wa ba ce.

Aka zura masa taya a wuya, aka juye masa fetur daga galan. Warin ya rufe na kashin shanu. Abokina dillali bai yi wa kowa wa'azi ba. Kutsawa ya yi ya tsaya a kan mutumin, ya ɗaga murya:

"Wane ne fatomansa?"

A kara baƙo ba ya shiga da ƙafarsa kawai. Kowa yana da fatoma, mai masaukin da ya tsaya masa. In baƙo ya yi ɓarna fatoman ake kira, shi ke ɗaukar nauyi. Wanda ya taɓa baƙon wani kafin a kira shi, ya san gobe nasa baƙon za a taɓa. Su dai sun san haka, zafi ne ya mantar da su. Sanduna suka ɗan yi ƙasa.

Abokina ya tsugunna ya kara kunne. Mutumin ya tofar da haƙori, ya faɗi suna da Hausarsa ta ɗan ƙabilar Karekare. Aka tura a kira.

Jiran nan ya fi dukan wuya a gare ni. Ɗan lodin yana tsaye da ashana yana kaɗa kwalin, yana cewa, "In fatoman ya ce bai san shi ba fa, Alhaji, ka matsa." Mutumin kuma yana kwance yana jin komai, fetur na shiga raunukansa yana nishi.

Fatoman wani tsohon Babarbare ne mai ɗingishi, bai iya sauri ba. Ya iso ya dubi taron, ya dubi galan, ya daɗe yana duban fuskar da ta kumbura.

"Nawa ne," in ji shi. "Ni na aike shi."

Falken ya ce, "Ka aike shi ya sace mini sa?"

Tsohon ya waiwaya. Ya sa aka jawo wani sa daga turkensa. Ja ne, da koren fenti layi biyu a gadon baya. Wani baƙonsa ne ya saya da safe, ya shafa shaidar da ya saba, ashe ta zo ɗaya da ta falken, mai korar da aka aika ya kamo na falken. Da ƙaho kaɗai za ka bambanta su.

Taron ya watse kamar an zuba ruwa a gidan tururuwa. Falken ya kwance igiyarsa daga karyayyen hannun yana gunaguni, wai ai mai korar ma da ya duba da kyau. Ni da abokina muka cire tayar, muka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, kansa a cinyata.

Ya rayu. Idon hagu ya tafi, hannun kuma ya ƙage, ba ya riƙe igiyar ko ɗan maraƙi. Da damina na je duba shi a ƙauyensu wajen Fika. Na same su a gona, matarsa na sara rami a gaba, shi yana binta a baya yana zuba iri da hannu ɗaya.