Itacen Wankan Jegon Lami

A ƙauyenmu na gefen Makoɗa, da an kwashe gyaɗa, kakarmu Iya takan hura wuta a tsakar gida bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta muna ɓare gyaɗa tana yi mana tatsuniya. Na so tsohuwar nan ƙwarai. Amma akwai tatsuniya guda da har yau ban yafe mata ba.

Lami, matar Baffa Sale, ta shekara takwas ba haihuwa. Sai al'adarta ta ɗauke, ciki ya fito, nono ya kawo ruwa. Don murna Baffa ya tara itacen wankan jego har ya kusa kai tsayin katanga. Wata tara ya wuce, sha biyu ya wuce. Aka ce ciki ne ya kwanta, aka yi ta ɗura mata saiwoyi. Daga baya cikin ya sace.

Ran nan Iya ta sa aka ɗebo daga itacen. "A hura mana, ai ba mai jego a gidan nan," in ji ta. Sai ta kawo labarin wata malalaciya mai gudun surfe, wadda ta kifa ƙwarya a cikinta ta ɗaure da zane, ana ta yi mata aiki ana ba ta nama. Ranar haihuwa ungozoma ta kwance zanen, ƙwarya ta faɗo.

"Jariri ne mai albarka," in ji Iya, "ba ya kuka, ga shi ana dama fura a cikinsa."

Muka yi ta dariya, Lami na zaune a ƙofar ɗakinta. Kafin damina an sake ta.

Sai da na yi karatun ungozoma na san abin yana da suna, kuma ba makirci ba ne. Tsananin son haihuwa da tsoron gori kan rikita sinadaran jikin mace, jini ya tsaya, ciki ya kumbura, har ta ji motsi. Hoton ciki, da lallashi, da magani in sinadaran sun hau, shi ke nan abin da Lami take bukata. Mu kuwa muka ƙone itacenta muka ji ɗumi. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna.

Bara na same ta a unguwar Bacirawa tana sayar da ƙuli-ƙuli, na yi mata bayani. Sai ta tambaye ni:

"To motsin da na ji fa?"

"Kin ji shi, Inna. Ba ƙarya kika yi ba."

Ta gyara mayafinta ta ce, "Da Iya na da rai, da ita za ki faɗa wa."