Muryar Jonah, Rezar Tobiya

Tobiya ɗan Kona ne, kuma duk wanda ya san shi ya san shi da reza a aljihun gaba. Ba wanzami ba ne fa. Da ita yake neman abincinsa a gidan rediyo.

Ubansa manomin doya ne, shi kuwa tun yana yaro fartanya ba ta karɓe shi ba. Ya yi makarantar horon malamai, ya ɗan koyar a firamare, hayaniyar yara ta ishe shi. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba, Jalingo ta cika da sababbin ofisoshi, sai ya samu shiga gidan rediyo, aka sa shi ɗakin gyaran murya. A zamanin a kan zaren tef ake ɗaukar magana. In mutum ya yi tari ko harshensa ya sarƙe, sai a nemo wurin, a sa reza a yanke, a haɗe bakin biyu da salatif. Tobiya ya gwanance har ba ka jin tabon. Shi ne ma ya kafa shirin manoma mai suna Mu Leƙa Rumbu, kuma kowa ya ɗauka ranar da za a naɗa shugaban sashen noma, kujerar tasa ce. Har ya riga ya yi wa matarsa Murna albishir.

To, shirin noma sai da malamin gona. Tobiya ya tuna da Jonah, ƙanin wani abokinsa, maƙwabcinsu a unguwar Abbare, wanda ya yi digiri a aikin gona. Ilmi kam akwai shi, babu ja. Sai dai in'ina! Wayyo, in Jonah ya kama "takin zamani", sai ka je ka sha ruwa ka dawo yana nan kan "ta". Ranar farko ma'aikata suka riƙa sulalewa waje don su yi dariya. Tobiya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai dai yi ta magana, sauran aikin nawa ne."

Ya kuwa cika alkawari. Kowane mako zai duƙufa kan tef ɗin Jonah yana tsince tuntuɓen harshen nan, yana jefa guntayen cikin wani tsohon gwangwanin madara. Abin da ke fita ranar Alhamis da yamma murya ce sumul, mai daɗin ji. Manoma suka fara zuwa daga ƙauyuka suna neman Malam Jonah mai daɗin baki. Waɗanda suka san shi ido da ido suka ce rediyo ce ke sake masa harshe. Tobiya ya ji, ya yi dariya.

Dariyar ta ƙare ranar da labari ya zo cewa wata jami'a a kudu ta buɗe karatun digiri na biyu da ya haɗa aikin jarida da aikin gona, mutum ya fito da takardu biyu a tafiya ɗaya. An ba gidan rediyon gurbi guda, kuma duk wanda ya je ya dawo shi ne shugaban sashen noma. Sharaɗin shi ne digiri na farko, abin da Tobiya ba shi da shi. Jonah ya nema, ya aika da shirye-shiryensa don a saurara, wato aikin rezar Tobiya.

Hassada ta shige shi, ba kaɗan ba. Ya daina bi ta ƙofar gidan su Jonah. In Jonah ya ce masa "Yaya, ina kwana," sai ya ji kamar an watsa masa barkono. Ko takalmin Jonah haushi yake ba shi. Wata rana ya ture kwanon tuwo, Murna ta ce, "Baban Caroline, miyar ce ba ta yi ba?"

"Takardu biyu!" in ji shi. "Ni ko ɗaya ba ni da ita. Muryar da za su ba wa digirin, wa ya yi ta?"

"Ai kai ka kawo shi da ƙafarka."

"Shi ne abin da ke ci na, Murna. Ki bar ni."

Sai ga wata malamar jami'ar, Dokta Hajaratu, ta zo Jalingo don ta ga Jonah a bakin aiki kafin a yanke hukunci. Nan Tobiya ya ga dama. Ya je ya ce wa manaja injin ɗaukar murya ya lalace, dole shirin wannan mako ya fita kai tsaye. Ƙarya ce tsagwaronta, injin lafiyarsa ƙalau. Jonah ya je ya samu Tobiya, ya ce, "Yaya, kai tsaye? Ka fa san halina."

"Ɗan jarida yana tsoron makirufo?" in ji Tobiya, ko kallonsa bai yi ba.

Ranar Alhamis suka zauna fuska da fuska, Tobiya ne mai tambaya, Dokta tana bayan gilashi. Jar fitila ta kama, alamar shiri ya fara fita. Da gangan Tobiya ya fara da tambayar me masara take so bayan ta tsiro. Jonah ya buɗe baki. "Ta... ta... ta..." Shi ke nan, ya maƙale, gumi ya karyo masa. Dokta ta ɗago kai.

Ga abin da Tobiya yake so ya samu, kuma wallahi da farko ya ji daɗinsa har cikin ransa. Amma shirun ya fara shiga kunnensa. Tun da aka kafa Mu Leƙa Rumbu ba a taɓa jin rami irin wannan a cikinsa ba, ga shi yau duk Jalingo tana ji. Hannunsa ya kai aljihu da kansa, ya taɓo reza, alhali babu zaren da za a yanka. Sai kawai ya ji bakinsa yana cewa, "Takin zamani kake nufi, Malam Jonah?"

"Ƙwarai!" in ji Jonah.

Daga nan duk inda Jonah ya yi tuntuɓe, Tobiya ya tare shi da gajeriyar tambaya, ko ya rufe wurin da dariya, har abin ya koma hirar abokai biyu a gindin bishiya. Kada wani ya ce tausayi ne. Ina! Tobiya dai ba zai iya jin aikinsa ya fita da tabo ba. Dokta ta yaba, Jonah ya rungumi Tobiya yana hawaye, shi kuwa ji yake kamar ya gartsa masa cizo.

Jonah ya tafi, ya dawo da takardunsa biyu, aka ba shi kujerar. Ranar da Jonah ya yi bikin godiya a coci Tobiya ya ce zazzaɓi yake yi. Abu ɗaya ne ya rage masa na sanyin rai: oga ko ba oga ba, dole Jonah ya riƙa sallama a ƙofar ɗakinsa duk mako. Har sabon ƙunshin reza ya saya.

Jonah ya kawo tef ɗin farko da ladabinsa na da, ya ce, "Yaya, ga na wannan makon." Tobiya ya ɗaura zaren, ya riƙe reza tsakanin yatsu, ya kasa kunne. Ashe a can an koya wa Jonah yadda zai ja numfashi ya furta kalma a hankali. Ga "takin zamani" ya zo ya wuce lafiya lau. Tef ya ƙare. Tobiya ya mayar da shi farko ya sake ji, bai samu komai ba.

Jonah ya leƙo. "Yaya, akwai gyara?"

"Akwai ɗan kaɗan," in ji Tobiya.

Da ƙofa ta rufu, ya nemo wani wuri da Jonah ya ja numfashi, lafiyayyen numfashi irin na kowa, ya yanke shi ya jefa cikin gwangwanin.