Kalmar da Baba Ya Ƙi Fassarawa

Kwanakin baya ina cikin keke mai ƙafa uku daga Jimeta zuwa Yola, wani mutum kusa da ni ya amsa waya, sannan ya ce wa abokin tafiyarsa, "E don give up." Abokin ya yi salati. Ni kuwa sai na lula tunani, har mai keke ya wuce da ni kwanar gidanmu ban yi magana ba. Kai da kake karatun nan ƙila ba ka ga abin tashin hankali a ciki ba. A gidanmu kalmar nan ta yi mana ɓarna.

Baba malamin Turanci ne, ya yi ritaya tun ina 'yar firamare. Da ya rasa ɗaliban da zai takura wa, sai ya dawo kanmu. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidanmu a Adarawo, musamman lokacin zafin nan na Yola da ɗaki ba ya zaunuwa, ya tara mu ni da Hamma, yayana. Dada, mahaifiyarmu, tana gefe tana tankaɗe, tana cewa da Fillanci wai mutumin nan ko kaji ya samu zai koya musu Turanci.

Akwai darasin da ya fi so. Yakan ce Bature matsoracin mutuwa ne, shi ya sa ya tara mata sunaye kamar mu. *Pass away* shi ne rasuwa cikin ladabi. *Succumb* kuwa sai an yi fama, ciwo ko rauni ya fi ƙarfin mutum. *Yield* kaucewa ce, kamar yadda mai keke ke ba tirela hanya. *Surrender* ɗaga hannu ne a gaban wanda ya fi ka. Sai ya zo kan *give up*, ya ɗaga yatsa. "Wannan fid da rai ne, ba fitar rai ba. 'Yan kasuwa ne suka lalata shi." Hamma yakan tsokane shi, ya ce ai ko a asibiti haka ake faɗa. Baba ya ce asibiti allura suka iya, ba nahawu ba.

Hamma ya girma ya samu aiki a wani kantin magani a Mubi. Ya yi aure, muka riƙa kiran matarsa Adda. A ƙarshen daminar da yaran nan masu bindiga suka shiga Mubi, Adda tana gidanmu, ta zo duba mahaifiyarta a Vinikilang. Garin Yola ya cika da mutane masu kumburarrun ƙafafu da ƙunshin kaya a ka. Kowa ya iso sai mu tambaye shi. Wayar Hamma ba ta shiga.

Wata safiya wata mata ta yi sallama a zaurenmu. Inyamura ce, Madam muke ce mata, tana da shago kusa da na su Hamma, 'yan uwanta kuma suna Luggere. Ta rame, leɓenta duk ya tsage. Ni na kai mata ruwa, saboda haka a gabana aka yi. Ta ce tare da Hamma suka gudu ta cikin duwatsu, harsashi ya same shi a kwiɓi tun a bakin gari, duk da haka shi ya riƙa saɓa ƙaramin ɗanta. Da Hausa ta faro, amma da ta zo wajen sai Hausar ta ƙi fita.

"Malam, yaro naka ya yi ƙoƙari. For under one tree, e just give up. Na rufe shi da zani na."

Baba ya gyara zaman tabaraunsa. "Kin ce give up?"

"Eh, Malam. Ina nufi..."

"Na ji Turancinki. Na gode, Allah ya huta gajiya."

Ya miƙe ya shiga cikin gida. Dada da Adda suna tsaye a bakin ƙofa. Ya ce musu, "Ya gaji ne, ya haƙura da tafiya. Yana baya."

Daga ranar aka rufe maganar. Ba a shimfiɗa tabarmar gaisuwa ba, ba a yi masa salla ba. Liman ya zo da lallashi, Baba ya ce shi bai ji wanda ya ce ɗansa ya rasu ba. Wadda abin ya faɗa wa ita ce Adda. Ba ta shiga takaba ba, tunda uban miji ya ce mijin yana raye. Ba ta da miji, ba ta da ikon cewa ta rasa shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana wanke kayan Hamma tana ninkewa saboda kada su yi wari. Da mahaifinta ya zo daga Vinikilang neman a sallame ta, Baba ya karanta masa darasin gindin mangwaro. Dattijon manomi ne, ya saurara har ƙarshe, ya sa takalminsa ya tafi.

Na daɗe ina ɗauka taurin kai ne na malamai, kuma na ji haushinsa ƙwarai. Sai ranar da ɗan maƙwabcinmu ya kira daga asibiti, wayar tana a buɗe kowa yana ji, ya faɗi kalmar nan game da mahaifinsa. Kafin kowa ya motsa Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Muka haɗa ido. Ya juya ya shiga neman butarsa.

A ƙarshe alƙali ne ya raba auren, a matsayin matar da mijinta ya ɓata. Adda ta kwashe kayanta, daga baya ta auri wani ma'aikaci a Jimeta.

Bara ciwon suga ya kwantar da Baba, rai ya yi halinsa. Yanzu garin ya lafa, motocin Mubi suna lodi kamar da, yaran unguwa ma ba su san an yi gudun ba. Bayan masu gaisuwa sun watse, Dada ta kira ni ɗakinta.

"Ke da kika yi boko, faɗa min da Hausa abin da matan nan Madam ya faɗa wa Babanku."

Na ce, "Hamma ya rasu, Dada."

Ta gyaɗa kai. "Na sani. Madam ɗin ya dawo ta ƙofan baya ya gaya min tun ranan. Babanku ne ba zai iya ɗauka ba. Kira Addanku ki faɗa mata."

Na kira. Ina jin hayaniyar yaranta da ƙarar turmi. Na faɗa mata kamar yadda na faɗa wa Dada.

"Ai na sani," in ji ta. "Lokacin da nake da ikon yi masa kuka kun hana ni. Yanzu matar wani ce ni, ga shi ya kusa dawowa daga ofis."

Ta ce in gai da Dada, ta kashe wayar.