Baƙin Man da Yaya Ya Zuba

Damina ce, irin wadda ruwa ke sauka ba sallama, kwatocin Gyadi-Gyadi su cika su tumbatsa har ƙofar gida. Shekarar kanta a tsaitsaye ta zo mana. Ban daɗe da fita takaba ba, gas ya yi tsada, kowa ka gani ransa a ɓace. Abin da muka dogara da shi, bayan Allah, shi ne a-kori-kurar da aka saya wa babban ɗana da kuɗin filin mahaifinsa na Hotoro. Mai shan gas ce, 'yar Kwatano, da sauran ƙuruciyarta. Da ita yake rarraba ruwan leda a shagunan bakin asibiti da kasuwar Tarauni, da ita ƙannensa ke cin tuwo.

Da lokacin juyen baƙin mai ya yi, yaron bai yi gaban kansa ba. Ya je wurin bakanike, aka nuna masa lambar da ke kan murfin wurin zuba mai, aka ce irin wannan injin marar kauri yake so, don hanyoyin da man ke bi a cikinsa sirara ne. Ni ma na leƙa. Karatuna na yaƙi da jahilci ya isa in karanta 5W-30, ko da yake ban san aikin harafin da ke tsakani ba. Ya sayo galan mai wannan lambar, ya ajiye a soro.

Sai ga Yaya, wan mahaifinsu, daga Darmanawa. Tsohon direban babbar mota ne, kuma tun rasuwar shi ne uban gidan. Ya buɗe galan, ya tsoma yatsa, ya murza.

"Wannan ne man? Ai ruwan shayi ne. Kai, wa ya cuce ka?"

"Baffa, an ce shi injin ke so."

"An ce! Masu ƙera ta a ƙasar ƙanƙara suke, nan kuwa Kano ce. Mai in bai kama yatsa kamar zuma ba, rana ɗaya za ta tsinka shi. Ina jan mota zuwa Legas kana zanin goyo."

Ya sa aka auno masa na duro daga Unguwa Uku, mai kauri, irin wanda yake zuba wa motarsa a da. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa." Ina bayan ƙyaure ina jin komai. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban dangin uba, sai a ce ba ta da kara. Shi ba ya iya musu da baffansa, ni an ɗaure min baki, haka aka bulbula man muna kallo.

Ba a jima ba motar ta fara magana. Da safe, in an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, sai ta tashi da ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, jar fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba. Daga kicin nake jin ta. Daga baya ta soma wani fito, hayaƙi na bin ta. Da yaron ya mayar da ita gareji, bakaniken ya ce akwai wani abu da suke kira tobo, mai bai isa gare shi da wuri ba, ya fara cin kansa. In aka ƙara mako a haka, sai dai a sauke inji. Nan take aka zubar da mai kaurin, aka ɗauko wanda ke soro aka zuba, ƙarar ta lafa.

Labari ya kai wa Yaya. Bayan la'asar ya zo da jarka cike da man duro a bayan babur, ya dire ta a soro.

"Ni za a zubar wa mai a kwata? Ba mai ba ne, ƙafar yaron ce ke da nauyi, tuƙi ne bai iya ba. Jibi zan dawo a mayar da wannan, ina tsaye." Ya ɗaga murya don in ji. "Ke kuma ki ja masa kunne. Raini ba ya kai yaro ko'ina."

Ni ba mai faɗa ba ce, maƙwabta shaida ne. Amma ranar tuwon da na tuƙa duk ya yi gudaji. Wato injin ya lalace ba komai, muddin ba a ce Yaya ya yi kuskure ba? Motarsa ta da, wadda ake tura ta da asuba mutum biyar, ita zai gwada da wannan? In ta tsaya, shi zai ciyar da su? Tun rasuwar ban ga ya shigo da ko kwanon gero ba, sai umarni. Yaron da ke fita cikin ruwa yana sauke buhuna har kafaɗarsa ta saɓule, shi ne bai iya tuƙi ba? Da yaron ya shigo na dube shi, idonsa ya yi ja.

"Umma, ya zan yi? In na ƙi, a ce na raina shi. In na yarda..."

"Ci abincinka," na ce.

Washegari da na idar da sallah na sa hijabi, na kinkimi jarkar nan, nauyinta kamar ya tsinke min hannu. Na tari a-daidaita-sahu zuwa Darmanawa. Na tarar da shi a ƙofar gida kan tabarma yana shan koko, da abokan hirarsa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na tura jarkar gabansa.

"Yaya, ga manka, kada ya lalace a wurinmu. Motar marayu ce, abin da aka rubuta a jikinta shi za ta sha. Jibi in ka zo, ka zo cin abinci."

Na miƙe na yi musu sallama, na kama hanyar titi.