Bushiyar da Ke Ƙarƙashin Rumfar Albasa

Har yau in na wuce gonar tumatir da aka yi wa feshi, nakan ɗan tsaya. Warin nan yakan mayar da ni shekarun da ruwan kanal na noman rani bai daɗe da isowa ƙauyenmu ba, ina ɗan shekara tara.

Akwai wata bushiya da ke zaune ƙarƙashin rumfar albasar kakata. Kaka ta hana kowa taɓa ta, don ita ke cinye mata kyankyasai da kunamu. Idon Kaka ya riga ya yi rauni, ko kunama ta shigo ɗakinta ba za ta gan ta ba. Takan ce bushiya 'yar'uwarta ce. "Idonta ba ya kai ta ko'ina. Ɗan kan nan nata, hanci da kunne ne suka cika shi. Da su take gani."

Ni kuwa fuskarta nake son gani. Amma tun daga nesa take jin takuna, ta dunƙule. An gaya mini in aka tsoma ta a ruwa takan buɗe. Wata rana da azahar na ɗauki bokitin da Baba ke haɗa maganin feshi, ban ɗauraye shi ba, na ɗebo ruwa na jefa ta ciki. Ta buɗe kuwa. Ɗan hancin yana rawa, tana atishawa, kumfa na fita daga bakinta. Na mayar da ita ƙarƙashin rumfar da sauri.

Da la'asar na kai wa Kaka buta. Ta riƙe hannuna, ta sansana.

"Maigidan, yaushe ka fara feshi?"

"Ban fara ba, Kaka."

"To," ta ce, ta sake ni.

Washegari na tarar da bushiyar a fili cikin rana, tana zagaye wuri ɗaya. Na ajiye mata fara, ta bi ta kai kamar ba komai a wurin. Kwana uku ina leƙa ta. A na huɗu ta mutu.

Daga nan Kaka ba ta sa takalmi sai an kakkaɓe mata. Cikin jikokinta kowa takan kira, ban da ni.

Yanzu shinkafa ta cinye wurin da rumfar take, jikokina ba su taɓa ganin bushiya ba. Sai da na yi furfura na gane Kaka ta san komai tun ranar. Dama ta ba ni in faɗa da bakina, kuma ta rasu tana jira.