Kaskar Lukuman

Yayana Lukuman mai fiɗa ne a Abbatuwa, mayankar garinmu, tun ina goye. Mutum ne da bai iya faɗa ba, ko akuya ta taka shi sai ya ba ta haƙuri. Ya yi aure, matar ta zauna shekaru Allah bai kawo rabo ba, ta fita ta je ta haihu a wani gidan. Daga nan kowa ya san inda matsalar take, kuma mahautan nan, Allah ya isa tsakanina da bakinsu, babu ranar da ba su tuna masa. Abu ɗaya ke cin ransa, ya sha gaya mini: "Balaraba, ranar da aka rufe ni shi ke nan, ba mai ƙara kiran sunana."

Ana nan sai wata Dakta Klaudiya, mai binciken ƙwarin dabbobi, ta fara zuwa da 'yan kwalabe tana neman kaska a jikin shanun yanka. Sauran mahautan suka mai da ita abin wasa. Yaya ne kaɗai ke ajiye wuƙa ya ɓanɓaro mata, daga kunne, daga gindin wutsiya. Wata rana ya miƙa mata wata 'yar ja mai ɗigo-ɗigo a baya. Ta tafi da ita, ta jima, ta dawo baki har kunne. Wai ta duba ta a madubin ƙara girma, ta auna baki da ƙafafu, ta gwada da duk waɗanda aka sani, ba ta dace da ko ɗaya ba. Sabuwa ce.

Ta yi masa bayani cewa a wurinsu kowace halitta suna biyu gare ta, na farko na danginta, na biyu nata na kanta, kuma wanda ya fara bayyana ta shi ke raɗa mata. "Baba Lukuman, naka zan sa," in ji ta. "Lukumani. Ko bayan ranka, duk wanda zai yi maganarta a duniya sai ya kira ka."

Wayyo, da kun ga yayana ranar! Ya zo rumfata da ke bakin mayankar inda nake sayar da abinci, ko loma ya kasa kaiwa baki. Na ce, "Yaya, kaska fa? Mai shan jini?" Ya ce, "Halittar Allah ce, Balaraba." Ya sa aka wanke masa hotonta ya kafa a ɗaki. Mahauta suka koma kiransa Baban Kaska, shi kuwa ya riƙa amsawa da fara'a. Shekarun nan har ƙiba ya yi.

Sai Dakta ta sake dawowa, fuska ba walwala. Wasu masana a waje sun gwada ƙwayoyin halittar kaskar, sun kuma tono wata tsohuwa da wani Bature ya raɗa wa suna ya jiƙa a kwalba tun zamanin haƙar kuza. Ashe iri ɗaya ce. Dokarsu kuwa sunan farko shi ke tsayawa, na baya a ture shi gefe. Laifinta ɗaya da ba zan yafe ba: a tsakiyar mayanka ta faɗa masa, kowa na ji.

Washegari wani mahauci, Mahdi, shugaban 'yan tsiya, ya tattaro abokansa. Suka wanke hannu, suka gyara huluna, suka jeru suka durƙusa gaban Yaya yana tsaka da fiɗar wani sa. Mahdi ya marairaice murya: "Mun zo gaisuwa ne. Ya haƙuri? Ita ke nan ɗaya tilo, Allah ya karɓi abarsa."

Na zaburo da ludayi a hannu, wallahi niyyata in fasa masa kai. Abin da na gani ne ya tsayar da ni. Yaya ya ajiye wuƙar, ya goge jini a rigarsa, ya ɗaga hannu biyu.

"Haƙuri sai ma'aiki," ya ce. "Na gode. Allah ya ba da lada."

Da gaske yake amsawa, hawaye na bin gemunsa. Suka bi layi ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu suna ƙyaƙyata dariya, shi kuma ya gaisa da kowa har na ƙarshe.