Wankin Mota a Bakin Teku

A da, in mutumin Lafiya ya ce zai je Lome, sai ya yi sallama da dangi gida-gida, don ba a san watan dawowarsa ba. Yanzu kwalta ta shimfiɗu har bakin teku, mako guda ya isa mutum ya je ya sayo atamfa ya dawo. Irin wannan tafiyar muka yi a watan jiya, ni da ƙanena da direbanmu, wani Tibi da ya tashi a Makurɗi, wanda Fijo ɗin da muka hau ita ce duk abin da ya mallaka.

Mun tashi da asuba, muka tsallake gadar Binuwai rana na fitowa. A Otukpo muka ci sakwara da miyar agushi, malmala ɗaya ta ishe ni, direba ya ci uku ya ce hanya ce ke ci. Daga Onica zuwa Ore ramuka sun fi kwalta yawa, doyar da muke bai wa baƙo kyauta a gida kuwa, a can sai an yi ciniki kamar za a sayi akuya. Muka kwana a Legas.

Bayan Badagiri hanya ta canja. Bishiyoyin kwakwa a jere, teku a hagu tana leƙowa tana ɓuya. Da muka wuce Kwatano, magariba ta kusa, na ce mu sauka mu kwana a bakin ruwa. Wurin babu masauki, babu shago, sai bukkokin masunta can nesa da kwalekwale a kife. Muka ɗaura tamfol tsakanin kwakwa biyu, muka shimfiɗa tabarmi. Wata mata ta kawo mana gasasshen kifi da tuwon masara mai tsami, irin wanda na taɓa ci a Kumasi, sai dai barkonon nan ya fi faɗa. Na kwana a wurare da yawa, ban taɓa jin wurin da ƙara da shiru suka zauna tare kamar nan ba.

Da safe direba ya dubi motarsa ta yi jawur da ƙurar hanya. A Makurɗi al'adarsu ce su gangara da mota bakin kogi su wanke. Ya nuna min yashi mai laima, shimfiɗaɗɗe, mai tauri kamar daɓe.

"Baba, ruwan nan yana tashi?"

Na ce masa rani ne. Na ƙara da cewa na zauna a bakin teku a Jidda da Bur Sudan, ban ga ruwa ya bar wurinsa ba. Gaskiya na faɗa, amma waccan teku daban ce. Shi kuma ya san Binuwai ba ta cika sai da damina, sai ya gangara da mota, ya wanke ta, ya bar ta can.

Muna shan shayi da hantsi ƙanena ya ce, "Yaya, ko idona ne, ko tayar nan ta shiga ruwa?" Direba ya tada mota, tayoyin baya suka haƙa rami suka zauna. Kowace igiyar ruwa ta zo sai ta kwashe yashi daga ƙarƙashin motar. Ya fito ya dafa ƙofa yana kallon tayoyin.

Na ruga wajen masunta da ɗan Faransancina da Yarbanci. Babbansu, dattijo sa'ana, ya dube ni ya dubi motar.

"Alhaji, wa ya ce ku ajiye ta can?"

"Ni ne."

"To kai za ka kama igiya a gaba."

Suka kawo igiyar da suke jan taru da ita, maza da mata suka jeru, ana waƙa ana ja kamar yadda suke fito da kifi. Aka cusa ganyen kwakwa ƙarƙashin tayoyi. Ruwa ya kai gindin ƙofa lokacin da motar ta motsa. Tafin hannuna ya saɓule, amma ta fito. Dattijon ya ce teku tana zuwa tana komawa sau biyu kullum, yaron goye ma ya sani. Ya sa aka ɗebo ruwan rijiya aka sake wanke motar, don gishiri na cin ƙarfe.

Mun isa Lome da azahar, muka yi sayayya, kwana huɗu bayan nan muka shigo Lafiya. Motar tana nan tana aiki tsakanin Lafiya da Makurɗi, direban kuma ya ce shi da bakin teku har abada. A unguwarmu duk abin da ya shafi ƙasashen waje ni ake tambaya, kuma na saba ba da amsa nan take. Tun daga wannan tafiya, in an tambaye ni wurin da ban taɓa kwana ba, sai in ce ban sani ba, a tambayi masu wurin.